Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya da hukumomin da ke ba da lasisin harba taurarin intanet

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu da muka rubuto wannan takarda injiniyoyin sadarwa ne da masu lissafin falaki da masu nazarin taurari. Muna magana ne da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, da kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da amfani da sararin samaniya cikin lumana, da kowace hukumar ƙasa da ke sa hannu a lasisin kamfanin da zai harba tauraron ɗan'adam. Buƙatarmu ita ce, kafin babban taron rabon zangon rediyo na 2027, a ɗaura kowane lasisi a kan abu biyu: tsayin da tauraro zai zauna, da tabbacin cewa zai sauko idan aikinsa ya ƙare ko ya mutu.

Muna goyon bayan wannan fasaha, kuma mun san amfaninta. Tsohon tauraron sadarwa yana zaune ne a nisan kilomita 35,786, inda gudunsa ya yi daidai da juyawar duniya, sai ya zama kamar a tsaye yake. Saƙo zai hau, ya sauko, amsa ta hau, ta sauko, tafiyar da ta haura kilomita dubu 143. Ko da gudun haske wannan yana cin kusan rabin daƙiƙa, a aikace kuma yakan kai milisakan 600. Tauraron da ke kilomita 550 yana dawo da amsa cikin milisakan 20 zuwa 40, wanda ya isa a yi kiran bidiyo ko a duba mara lafiya daga nesa ba tare da sarƙewa ba. Ga jirgin ruwa a tsakiyar teku, ko garin da girgizar ƙasa ta katse wa waya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai kusancin yana da farashinsa. A wannan tsayi tauraro yana gudun kusan kilomita 7.6 a daƙiƙa, yana zagaya duniya cikin minti 95, don haka mintuna kaɗan yake yi a saman mai amfani da shi ya wuce. Dole wani ya biyo bayansa nan take, eriyar da ke ƙasa ta sake wancan ta kama wannan ba tare da mutum ya ji ba. Shi ya sa ake harba su ayari-ayari, dubbai. A farkon 2019 taurarin da ke aiki a sama duka ba su wuce kimanin 2,000 ba. A watan Mayun shekarar SpaceX ta harba 60 na farko na Starlink, yau kuma adadin masu aiki ya haura 10,000, mafi yawansu na wannan kamfani ɗaya. Kamfanin OneWeb na da sama da 600. Amazon ta samu izinin 3,236, ta fara harba na aiki a Afrilun 2025. Sin na gina ayari biyu, Qianfan da Guowang, kowanne da shirin dubbai. Sabbin kuma sun fi na da girma: Starlink na farko kilo 227 ne, samfurin V2 Mini da aka fara harbawa a Fabrairun 2023 ya doshi kilo 800, da faifan sola biyu da hasken leza da yake tura saƙo daga tauraro zuwa tauraro ba sai an sauko ƙasa ba.

Ku ba mu dama mu bi yadda ake harba su, don a nan ne hujjarmu take. Ana jera taurarin a kan roka kamar faranti bisa faranti, a ɗaure su da sanduna. Bayan kimanin minti biyu da rabi da tashi, ɓangaren roka na farko ya rabu ya dawo ƙasa, na biyu ya ci gaba. Idan ya isa, sai ya fara juyawa a hankali, a saki sandunan, taurarin su watse da kansu. Abin lura shi ne ba a kai su wurin aikinsu kai tsaye. Ana ajiye su can ƙasa-ƙasa, tsakanin kilomita 200 da 300 da wani abu, inda akwai sauran iska mai ja. A nan kowanne zai buɗe faifan solarsa, a gwada rediyonsa da injinsa. Wanda ya ci gwaji sai ya kunna injin lantarki mai fesa iskar kirifton ko agon, wanda turinsa ɗan kaɗan ne ƙwarai, ya yi makonni ko watanni yana hawa. Wasu a kan tsayar da su a tsakiya da gangan, saboda kumburin duniya a tsakiyarta yana karkatar da falaki a hankali, kuma saurin karkatar ya danganta da tsayi. Da wannan dabara ake raba taurarin roka ɗaya zuwa layuka daban-daban ba tare da ƙona mai ba. Wanda kuwa ya faɗi gwaji, iska za ta jawo shi ya ƙone cikin kwanaki ko makonni.

An ga aikin wannan tsari sau biyu a fili. Ranar 3 ga Fabrairun 2022 aka harba 49 zuwa falakin da mafi kusancinsa da ƙasa ke kusan kilomita 210. Guguwar rana ta ɗumama saman iska ta kumbura, jan iska ya ƙaru da kusan rabi. Aka juya taurarin su fuskanci iskar da gefensu don rage ja, bai isa ba, 38 suka dawo suka ƙone. A Yulin 2024 kuma ruwan iskar oksijin ya tsiyaye a ɓangare na biyu na rokar Falcon 9, injin bai sake kamawa yadda ya kamata ba, taurari 20 suka tsaya a falakin da mafi kusancinsa da ƙasa ke kilomita 135, duk suka ƙone. Kamfanin ya yi asara, amma ba a bar wa kowa shara ba. Ku gwada wannan da abin da ya faru a Agustan 2024, lokacin da aka harba 18 na farko na Qianfan: ɓangaren saman rokar ya farfashe a kusan kilomita 800, ya bar ɗaruruwan gutsattsari. A wannan tsayi iskar ba ta da ƙarfin share su da wuri. Za su yi shekaru masu yawa suna yawo, kuma duk ranar da suka fara saukowa sai sun ratsa ta layin kowa da ke ƙasa da su, har da tashoshin da mutane ke ciki.

Ga ƙididdigar a taƙaice. Mataccen tauraro a kilomita 550 yakan sauko da kansa cikin kimanin shekara biyar, gwargwadon siffarsa da zafin rana. A kilomita 800 maganar ta koma ta ƙarni. A kilomita 1,200, inda ayarin OneWeb yake kuma inda wasu sabbin ke nufa, ta haura shekara dubu. To, a ɗauka kamfani na da taurari 10,000 a can sama, ya yi alƙawarin sauko da kashi 90 cikin ɗari, adadin da tsofaffin ƙa'idoji suka daɗe suna karɓa. Saura 1,000 ke nan matattu, ba tuƙi ba birki. Ko ya kai kashi 99, saura 100, kuma wannan na zubi ɗaya ne, alhali ana maye gurbinsu duk bayan 'yan shekaru. Ƙa'idar da aka yi wa tauraro ɗaya ba ta riƙe dubu goma. Hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta rage wa'adin saukowa daga shekara 25 zuwa biyar a Satumban 2022, mun yaba, amma dokar ƙasa ɗaya ce, kuma ba ta da abin da za ta yi wa tauraron da ya mutu kafin ya fara saukowa.

Saboda haka muke roƙon a raba sama gida biyu a wajen ba da lasisi. Ƙasa da kilomita 600, inda iska ke shara da kanta, a sauƙaƙa. Sama da nan, kamfani ya nuna injinsa da kwamfutarsa na da mataimaki idan ɗaya ya lalace, ya ware man saukowa da ba za a taɓa shi don tsawaita aiki ba, ya sa wa tauraron marikin da wani kumbo zai iya kamawa ya jawo shi, kuma ya ajiye kuɗin jingina da ba zai karɓa ba sai tauraron ya sauko. Lasisin kuma ya ƙayyade adadin matattun da aka yarda da shi ga ayarin baki ɗaya. Idan an kai adadin, harbi ya tsaya har a gano dalili. Haka ma ɓangaren saman roka: ko dai a sake kunna shi a jefa shi teku da gangan, ko a zubar da sauran mansa da iskar tankunansa a kashe baturansa, domin yawancin fashe-fashen da aka yi a falaki daga ragowar mai da batur suka fito.

Wanda bai saba da lissafin ba yakan ce sama ai faɗi gare ta. Gaskiya ne, amma gudu ne ke ɓata lissafin. Ƙwallon alminiyom mai faɗin santimita ɗaya bai kai giram biyu ba, amma idan ya zo da gudun kilomita 10 a daƙiƙa, ƙarfin bugunsa ya yi daidai da na ƙaramar mota mai tan ɗaya tana gudun kilomita 40 da ɗoriya a awa. Na'urorin da ke ƙasa suna iya bin abin da ya kai kimanin santimita 10 ne, alhali hukumar sararin samaniya ta Turai ta ƙiyasta masu tsakanin santimita ɗaya da goma sun haura miliyan. Waɗannan ba a ganin su balle a kauce musu. Ranar 10 ga Fabrairun 2009 tauraron Iridium 33 mai aiki ya yi karo da mataccen Cosmos 2251 a kusan kilomita 790 a saman Saiberiya, aka ƙirga gutsattsari kusan 2,000. Shekara biyu kafin nan Sin ta harbe tsohon tauraronta Fengyun-1C, ya bar sama da 3,000, da yawansu na nan har yau. A Nuwamban 2021 Rasha ta yi irin wannan gwaji, sai da mutanen da ke tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa suka fake a kumbunan komowa. Tun 1978 Donald Kessler, masani a hukumar sararin samaniya ta Amurka, ya lissafa cewa idan cunkoso ya kai wani matsayi, karo zai riƙa haifar da karo ko da an daina harba komai.

Maganar kaucewa ita ce ta fi ba mu tsoro, don har yau babu dokar hanya. Jiragen ruwa na da ƙa'idojin kauce wa karo da suka fayyace wa zai ba wa hanya. Jiragen sama na da hukumarsu tun yarjejeniyar Shikago ta 1944. A falaki kuwa, gargaɗi yakan zo ne daga rundunar Amurka da ke bin diddigin abubuwa, sauran kuma saƙon imel ne da kyakkyawar niyya. A Satumban 2019 hukumar Turai ta ga haɗarin karo tsakanin tauraronta Aeolus da wani Starlink ya kai ɗaya cikin 1,000, ninki goma na ma'aunin da ake ɗaukar mataki a kansa. Saƙonninta ba su isa ga masu tuƙin ɗaya ɓangaren ba saboda tangarɗa a na'urar sanarwarsu, sai ita ta kauce. A Disamban 2021 Sin ta kai ƙorafi Majalisar Ɗinkin Duniya cewa tasharta ta kauce wa Starlink sau biyu a shekarar. SpaceX da kanta ta ba da rahoton kaucewa kusan 50,000 cikin wata shida, daga Disamban 2023 zuwa Mayun 2024, kwamfutar cikin tauraron ce ke yanke shawara. Wannan yana tafiya daidai muddin ayari ɗaya ne ke motsi. Ranar da kwamfutocin kamfanoni biyu, da ba sa magana da juna, suka ga haɗari ɗaya kowacce ta kauce ɓangare guda, kaucewar ce za ta haddasa karon. Ga kuma rana: a guguwar Mayun 2024, mafi ƙarfi cikin shekara ashirin, iska ta kumbura har hasashen inda kowane tauraro zai kasance ya karkace, dubbai suka kunna injinsu lokaci guda don su koma tsayinsu.

Maganin wannan ba ya buƙatar sabuwar fasaha. Duk mai lasisi ya riƙa saka bayanin falakinsa a rumbu ɗaya da kowa ke iya karantawa, sau da yawa a rana, tare da girman kuskuren da ke cikin hasashen da duk motsin da yake shirin yi. Ya kasance da lambar da mutum mai ikon yanke shawara zai ɗauka dare da rana. A kuma rubuta wa ke ba da hanya: mai hawa ko sauka ya kauce wa wanda ke zaune a layinsa, mara mutane ya kauce wa mai mutane, mai injin ya kauce wa mara shi.

Sai abin da ya shafi aikin ITU kai tsaye. Masu nazarin taurari ta hanyar rediyo suna sauraron siginar da ta yi rauni ƙwarai, shi ya sa kuka keɓe musu wasu zanguna, ciki har da megahaz 150.05 zuwa 153. A wani bincike da aka wallafa a 2023, na'urar sauraron rediyo ta LOFAR da ke Turai ta duba Starlink 68, ta ji ƙara daga 47 tsakanin megahaz 110 da 188, har cikin zangon da aka keɓe. Ƙarar ba daga eriyar sadarwa take ba, daga kayan lantarkin cikin tauraron take tsiyayowa. Binciken da ya biyo baya a 2024 ya nuna ta sababbin samfurin ta kai ninki 32. Abin mamaki, kwamfuta ko talabijin da ake sayarwa a ƙasa sai sun ci gwajin irin wannan tsiyaya, amma dokokin rediyo na duniya ba su sa wa tauraro iyaka a kai ba. A sa iyakar, a gwada kafin harbi, domin bayan harbi ba mai hawa ya gyara. Ta ɓangaren haske kuma, Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya ta nemi kada tauraro ya fi mataki na 7 haske, wato ya dushe har ido ba ya ganin sa. An gwada baƙin fenti a 2020, ya sa tauraron zafi. An gwada rumfa, ta tare hanyar leza. Yanzu ana amfani da wani shafi mai mayar da haske nesa da ƙasa. An samu sauƙi, amma girma na cinye ribar. Tauraron BlueWalker 3, da aka gina don magana da wayar hannu kai tsaye, ya buɗe eriya mai murabba'in mita 64 a 2022 ya shiga sahun abubuwa mafi haske a sama. Cibiyar Vera Rubin da ke Chile, wadda cikin aikinta har da neman duwatsun da ka iya faɗo wa duniya, tana buƙatar daidai lokacin magariba da asuba, lokacin da taurarin nan suka fi ƙyalli.

Ƙonewar ma ba ɓacewa ba ce. Ayari mai 10,000 da kowanne ke shekara biyar yana nufin 2,000 za su ƙone a shekara, biyar ko shida a kullum. Idan kowanne kilo 800 ne, tan 1,600 ke nan, galibinsa alminiyom. Wani bincike da aka wallafa a 2023 ya samu ƙarafan kumbo a kimanin kashi 10 cikin ɗari na ƙwayoyin da aka ɗebo a saman iska, inda garkuwar ozon take. Kamfanoni su bayyana nauyi da nau'in kayan da suke ƙonawa kowace shekara, don masu auna iska su san da me suke aiki.

Mun san amsar da za ku ba mu: ITU zangon rediyo take rabawa, cunkoso ba hurumin ta ba ne, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kuma shawara yake bayarwa, sai kowa ya amince. A tsakanin nan ne matsalar ta samu wurin zama. Amma sashe na 44 na kundin tsarin ITU ya kira zangon rediyo da falakin da ke tafiya da shi dukiya mai iyaka da ya kamata ƙasashe su samu rabonsu cikin adalci. Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta ɗora wa kowace ƙasa alhakin abin da kamfanoninta suka yi a sama, ta 1972 kuma ta ɗora mata biyan diyya. A kanta ne Kanada ta nemi diyya bayan tauraron Sobiyet Cosmos 954 ya watsa mata ɓaraguzan nukiliya a 1978, Tarayyar Sobiyet ta biya dalar Kanada miliyan uku. Jami'in da ke sa hannu a lasisi baitulmalin ƙasarsa yake jinginarwa.

Akwai kuma masu kama wuri a takarda. A 2021 aka shigar da buƙatar taurari sama da 300,000 da sunan Ruwanda. Taron rabon zangon rediyo na 2019 ya yi ƙoƙarin toshe wannan ƙofa da matakai: bayan wa'adin shekara bakwai na farko da ake bayarwa don fara amfani da zangon, a harba kashi 10 cikin shekara biyu, rabi cikin biyar, duka cikin bakwai, in ba haka ba a rage rabon. Matakin ya yi kyau, sai dai yana ƙirga abin da aka harba kawai, wanda ke sa kamfani gaggawar cika adadi ko kayansa sun nuna ko ba su nuna ba. Muna roƙon taron 2027 ya ƙara sharaɗi a kan wannan ƙudurin: tauraron da ke aiki kuma ake iya tuƙa shi ne kaɗai zai shiga ƙirga, kuma duk rahoton da ƙasa za ta miƙa ya zo da adadin waɗanda suka mutu, da tsayin da suke, da shekarar da ake sa ran kowannensu zai sauko. A wallafa rahoton inda kowace ƙasa za ta gani, har da waɗanda ba su harba ko ɗaya ba tukuna, domin layukan da ke tsakanin kilomita 500 da 600 su ne kowa zai nema ranar da ya shirya.

Mun gode da sauraro. Ku huta lafiya.

Naku,
Wasu injiniyoyin sadarwa, masu lissafin falaki da masu nazarin taurari